Etymonline, shafin da ya haɗa min "fiasco" da fulas ɗin shayi

Shekara tara ke nan ina koyar da Turanci a sakandare. Ranar Talata wata ɗaliba 'yar aji biyar ta ɗaga hannu da guntun jarida, ta ce, "Malam, mene ne fiasco? Ba fail ba ne?" Na ce mata faɗuwa ce, amma zuciyata ba ta natsu da amsar ba. Da daddare na buɗe Etymonline, ƙamus ɗin asalin kalmomin Turanci da Ba'amurke Douglas Harper ya kafa a 2001. Kyauta ne, shafin ba nauyi, ko da ragowar data yana buɗewa.

Abin da na tarar ya burge ni. Kalmar ta shigo Turanci wajen 1855 daga bakin 'yan wasan kwaikwayo, ga wasan da ya wargaje a idon 'yan kallo. Ta biyo ta Faransanci ne, amma tushenta Italiyanci, "far fiasco", wato a yi kwalba. Kwalba fa! Irin mai zagayen ciki da Italiyawa ke naɗewa da ciyawa. Kuma ita da "flask" uwa ɗaya uba ɗaya ne. Na juya na kalli jan fulas ɗin da uwargida ta ajiye min kan tabarma, murfinsa ya tsage tun bara, ashe ɗan'uwan kalmar ne.

Inda shafin ya fi samun yabona shi ne kan yadda kwalba ta koma faɗuwa. Ya kawo labarin masu hura gilas na birnin Benis na Italiya, waɗanda aka ce in aiki ya ɓaci sai su mai da shi kwalbar talakawa, amma ya ajiye shi a matsayin hasashe. Wasu shafukan kuwa shi suke bazawa kamar da idonsu suka gani.

Sai dai tarihi shafin yake bayarwa. Mai son misalan jimloli ya haɗa da ƙamus ɗin ɗalibai, kuma Turancin shafin zai yi wa ɗan ƙaramin aji tsauri.

Washegari na shiga aji da fulas ɗin a hannu. Na ce wanda ya faɗi jarrabawa fail ya yi. Amma walimar da aka raba wa kati ɗari biyar, abinci ya ƙare kafin manyan baƙi su zauna, lasifika ta mutu ana tsakiyar addu'a, wannan ita ce fiasco. Ɗalibar ta rubuta a gefen littafinta: "abin kunya a bainar jama'a."