Haikalin Fila a Aswan: wurin ya biya ni, jagoran ne bai biya ba

Da na ce wa ƙanina da ke karatu a Alƙahira ina so mu gangara Aswan, sai ya ce, "Yaya, kwana ake yi a jirgin ƙasa fa." Haka kuwa aka yi, mun shiga da daddare, ba mu sauka ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Washegari muka nufi Fila, tsohon haikalin da ke kan wani tsibiri a kogin Nilu, tare da wani kamfanin yawon buɗe ido da muka biya kuɗin mota da jagora da kwalekwale a dunƙule. A nan muka yi kuskure, zan dawo kansa.

A mashigar Shallal ake yankar tikiti, kuma ranar da muka je kati kawai suke karɓa. Kuɗin kwalekwale daban yake, shi kuma tsaba ake bayarwa, sai an yi ciniki. Matuƙan yawancinsu Nubawa ne. Tafiyar ba ta wuce minti goma ba, tsakanin manyan duwatsu masu duhu da suka fito daga ruwa kamar giwaye sun durƙusa. Muna karya kwana sai ga ginin a gabanmu, launin ƙasa-ƙasa, inuwarsa kwance a kan kogin Nilu. Duk surutun da ake yi a cikin jirgin sai ya ɗauke.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, inda muka taka ba nan aka gina haikalin ba. Bayan da Ingilishi suka kammala tsohuwar madatsar Aswan a 1902, aka kuma ƙara mata tsayi daga baya, ruwa ya riƙa shanye tsibirin Fila mafi yawan shekara, har baƙi kan ratsa tsakanin ginshiƙai a cikin kwalekwale. Ruwan nan ne ya wanke fentin da ke jikin zane-zanen. Da aka gama babbar madatsa a 1970, sai tsibirin ya maƙale tsakanin madatsu biyu. UNESCO da gwamnatin Masar suka kewaye shi da katangar ƙarfe, suka zuƙe ruwan, suka kwance ginin dutse bayan dutse, kusan guda 40,000, kowanne da lambarsa, suka sake ɗora shi a tsibirin Agilkiya da ke kusa, wanda ya fi tudu. An buɗe shi a 1980. Na yi ta duba mahaɗar duwatsun ko zan ga inda aka yi ƙwange, ban gani ba.

Kafin in taso, wata gwaggona ta ce, "Kai kuma me ya kai ka kallon gumaka?" Amsar tana jikin bangon. Mutanen da suka bauta wa Isis, allahiyar Misirawan dā, a nan sun shuɗe. A ƙarni na 6 sarkin Rum Justiniyan ya rufe wurin, aka mayar da wani sashe coci. Na daɗe a gaban wani ginshiƙi inda aka sassaƙa gicciye a kan tsohon rubutu, ga kuma fuskokin da aka bi da kurfi aka farfasa, aka bar ƙafafu da hannaye. Sojojin Faransa ma sun bar nasu rubutun a babbar ƙofa tun 1799. A Ƙofar Hadiriyan kuma, mai sunan wani sarkin Rum, akwai rubutun zane na Fir'aunoni na ƙarshe da aka sani a duniya, na shekarar 394. Wani malamin haikali ne ya sassaƙa shi, layukan duk a karkace, kamar hannun da bai samu wanda zai gyara masa ba. Jikina ya yi sanyi a wurin.

To, ina tsaye a nan ne jagoranmu ya fara tafa hannu yana "Yalla, yalla!" Minti arba'in da biyar ya ba mu a tsibirin gaba ɗaya, rabinsu kuma ya cinye yana haddar sunaye a cikin rana. Rumfar Tarajan (shi ma sarkin Rum ne), mai ginshiƙai 14 a bakin ruwa, wadda ake kira gadon Fir'auna, a guje muka leƙa ta. Ƙanina ya roƙe shi da Larabci ya ƙara mana ko minti goma sha biyar, ya ce lokaci ya ƙure. Ashe shagon turare yake sauri ya kai mu, inda muka share fiye da awa guda ana shafa mana abin da ba mu zo saye ba. Wannan ya ƙona mini rai ƙwarai, domin ba kullum mutum yake samun zuwa irin wannan wuri ba.

Matuƙin jirginmu ne ya wanke mana zuciya. A hanyar dawowa ya rage gudu, ya nuna mana wasu ƙarafa da suka leƙo daga ruwa, ya ce, "Ya Hajji, nan ne Fila ta asali." Ya ƙara da cewa garin kakanninsa ma yana ƙarƙashin ruwa, amma shi ba wanda ya sa wa duwatsunsa lamba.

Wanda zai je, ya ɗauki tasi da kansa da sassafe kafin motocin baƙi su iso, ya daidaita da matuƙi kan kuɗi da tsawon jira tun kafin ya sa ƙafa a jirgi, kada ya yarda da ƙasa da awa biyu. Ya riƙe ruwa da hula, don inuwa ba ta da yawa a farfajiya. Akwai wurin shan abin sanyi a tsibirin, inda kyanwoyi ke zagaya ƙafafun mutane. Karkade suke kiran abin da suka kawo mana, ina kurɓa na ji zoɓo ne, sai dai babu citta da kanumfari, kuma da tsada.