Taswirar da nake dogara da ita idan na bar kwalta a Benin da Togo

Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, daga baya ta ƙara wasu huɗu, hawan babur a cikin gari ya koma na ɗari-ɗari, ko da naka na kanka ne ba na haya ba. Mu da muke son mashin don kansa sai muka fara leƙa waje. Daga Agege zuwa iyakar Idiroko ko ta Seme ba wata tafiya ba ce, kuma da zarar ka tsallaka ka sauka daga titi, akwai hanyoyin burji da turbobin ƙauye da za ka yi ta bi har ka gaji. Abokai a majalisarmu da wasu 'yan uwa a Mile 12 sun sha tambayata wace taswira nake bi a can, shi ya sa na zauna in rubuta abin da na gani da idona.

Wadda nake ɗaure wa a kan babur ita ce manhajar taswira ta OsmAnd, a cikin wata tsohuwar waya da na ware don wannan aikin kawai. Sauran duk mataimaka ne.

Akwai abin da ya kamata a fara warwarewa, domin mutane da yawa sun ɗauka idan sabis ya ɗauke, GPS ma ya tafi. Ba haka ba ne. Wayar tana karɓar sigina kai tsaye daga taurarin ɗan'adam, na Amurka da na Rasha da na Turai da na Sin, ko babu sim a cikinta. Abin da ke buƙatar data shi ne zanen taswirar da za a ɗora ɗigon da ke nuna inda kake. Idan ba ka sauke zanen tun kana gida ba, za ka ga ɗigonka yana yawo a farin fili. Ga kuma tsadar data idan ka fita da layin Najeriya, kafin ka samu ka yanki na can.

Google Maps ba ta da na biyu a cikin gari. A Kotono da Lome ita ke nemo mini gidan mai, masauki, masallacin Juma'a da wurin cin abinci, kuma tun 2019 tana da zaɓin hanyar babur a Najeriya da wasu maƙwabta. Amma idan ka sauke yanki don amfani babu intanet, jagorancin mota kawai take bayarwa, babu hoton tauraron ɗan'adam, kuma ba ka da ikon ɗora mata layin da ka zana da kanka ka bi shi a daji. An gina ta ne don ta kai mutum inda za shi da sauri. Mai shiga daji da gangan kuwa tambayarsa daban ce: wannan layin da nake gani, kwalta ne, burji ne, yashi ne, ko turbar masu zuwa gona?

Wannan tambayar ce ta kai ni ga OsmAnd. Bayananta daga OpenStreetMap suke, taswirar da wani Bature mai suna Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, wadda 'yan sa-kai a duniya ke zanawa suna gyarawa. A tsarinsu ba zana hanya kawai ake yi ba, ana iya rubuta irin shimfiɗarta da kuma yanayin kyawunta. Hanyoyin gona da na daji har mataki biyar aka kasa su: na ɗaya mai tauri da kowace mota za ta bi, na biyar ƙasa ce mai laushi ko ciyawa. OsmAnd tana iya nuna duk wannan da launi idan ka kunna shi a saitin taswira, kuma tana da salon zane na musamman don hanyoyin daji wanda ke kaurara ƙananan turbobi yadda za ka gan su ko kana tafe. Abin da ya fi burge ni shi ne, idan ta lissafa hanya, tana fitar da bayanin kilomita nawa ne kwalta, nawa ne ƙasa, nawa ne ba a san halinsa ba. Wannan kaso na ukun shi nake fara dubawa. Idan ya yi yawa, na san ranar za ta yi tsawo, sai in ƙara ruwa da mai, in kuma fita da asuba.

A tsaunukan Togo na ga amfanin layukan da ke nuna tudu da gangare. Yankin Kpalime, inda dutsen Agu yake, mai tsayin mita 986, wanda ya fi kowane tsayi a ƙasar, da hawan da ake yi daga Adeta zuwa tudun Danyi, wurare ne da kilomita goma a taswira ba ita ce kilomita goma a ƙasa ba. Idan ka ga layukan sun matse da juna, turba kuma ta ratsa su kai tsaye ba ta yi kwana-kwana ba, to hawa ne mai tsanani, kuma da kaya a baya gara ka nemi zagaye. Wannan ɓangaren na OsmAnd na kuɗi ne. Ta kyauta tana ba ka damar sauke taswira bakwai, wanda ya isa Benin da Togo da Gana, amma na biya don layukan tudu kuma ban yi nadama ba. Wanda zai biya ya tabbatar katinsa yana aiki a waje, domin biyan dala da katin naira ya daɗe yana wahalar da mutane.

Ba manhajar da za ka sauke yau ka fita da ita gobe ba ce. Saitinta yana da yawa ƙwarai, kuma mai gaggawa zai iya gajiya da ita. Shawarata ita ce ka fara gwada ta a nan kusa, ta wajen Ikorodu ko Epe ko Badagiri, wayar a kashe mata data, har hannunka ya saba. Ka zaɓi tsarin babur, ka cire umarnin guje wa hanyoyin ƙasa, ka rage abubuwan da ke kan fuska su koma gudu da nisan da ya rage kawai.

Akwai bambanci tsakanin hanyar da manhaja ta lissafa maka da layin da kai ka zana, kuma a daji wannan bambancin ya fi zaɓin manhajar muhimmanci. Hanyar lissafi tana canzawa. Ka kauce kaɗan don zagaye kududdufi, sai ta sake lissafi, wataƙila ta mayar da kai babban titin da kake gudu. Layin da ka zana ka ajiye a fayil ɗin GPX ba ya motsi, yana nan a kan fuska da launinsa, kai ne za ka koma kansa. Ni a shago nake zana nawa da daddare bayan an rufe kasuwa, a kwamfuta, da hoton tauraron ɗan'adam a gefe. Duk inda layin ya tsallaka rafi sai na kusanto da hoton in duba: gada ce, kwalbati ne, ko mashigi ne da ake ratsawa da ƙafa? A rassan kogin Weme a tsakiyar Benin wannan dubawar ta sa na sauya shiri ba sau ɗaya ba. Idan na gama sai in tura fayil ɗin ta WhatsApp ga duk wanda za mu tafi tare, yadda ko mun rabu a ƙura kowa yana kan layi ɗaya.

A kula da maganar iyaka sosai. Tsakanin jihar Ogun da Benin, da tsakanin Benin da Togo, akwai turbobi da yawa da suka tsallaka iyaka ba tare da ofishin kowa a kansu ba, kuma suna cikin taswira. Manhajar da aka ce ta nemo gajeriyar hanya ba ruwanta da hatimi. Idan ta bi da kai ta nan, za ka tsinci kanka a ƙasar mutane babu tambarin shiga, babu takardar wucewar babur daga kwastan, kuma jandarma ba zai saurari cewa waya ce ta nuna maka ba, kallon ɗan fasa-ƙwauri zai yi maka. Shi ya sa nake dasa alama a kan ofishin iyakar da zan bi, in tilasta wa layin ya ratsa ta nan. Takardun kuwa sai a haɗa su tun a Legas: fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, katin rigakafin shawara, inshorar ƙasashen yankin da ake kira Brown Card, da takardun babur na asali.

Wata manhajar taswira, Organic Maps, tana cikin wayar da ke aljihuna. Daga OpenStreetMap ita ma take ɗebo bayanai, kyauta ce, babu talla, kuma duk wanda ya iya WhatsApp zai iya ta. Ba ta da zurfin OsmAnd wajen nuna irin ƙasa, amma ga ɗan uwan da zai je ziyara Paraku ko Sokode kawai, ta ishe shi. Abu ɗaya: sunayen garuruwa da rubutun Faransanci suke, don haka mai neman Jugu sai ya rubuta Djougou. A rubuta sunayen a takarda kafin a tashi.

Na hau da na'urar GPS ta babur, Garmin zūmo XT, ta wani abokin tafiya, kuma gaskiya na'ura ce ta ƙwarai. Fuskarta inci biyar da rabi, ana ganinta da tsakar rana, tana jin taɓawa ko da safar hannu, ruwan sama ba ya damunta, kuma daga batirin babur take shan wuta. Sai dai ta fito a 2020 a kan kusan dala 500, a kuɗinmu na yanzu kuɗin wani mashin ɗin ne, kuma taswirar da take zuwa da ita ta yankin da aka sayo ta ce, Turai ko Amurka. Ta Afirka ta Yamma sai ka ɗora da kanka a katin ajiya, kuma mafi yawan waɗanda ake samu daga OpenStreetMap ɗin dai aka haɗa su. Ke nan ƙarfin jiki kake saye, ba ƙarin hanyoyi ba. Taswirar Tracks4Africa ta Afirka ta Kudu, wadda ake ginawa daga layukan da matafiya suka bi da gaske, ƙarfinta ya fi yawa a kudanci da gabashin nahiyar. Manhajar iOverlander kuma ina leƙa ta don karanta abin da wasu matafiya suka rubuta game da iyakoki da wuraren kwana.

Dalilin ware tsohuwar waya shi ne jijjiga da zafi. A 2021 kamfanin Apple da kansa ya fitar da sanarwar cewa girgizar injin babur tana iya lalata kyamarar waya. Hanyar burji mai kunya-kunya kuwa ta fi injin jijjiga. Don haka wayar kasuwancina tana cikin riga, wadda ke kan babur kuma ta hannu ce da na saya a Computer Village da ke Ikeja, mai babban batir, babu sim, babu komai sai taswira. Kada a yi rowa wajen sayen maƙalinta, a sami mai roba da ke shanye girgiza. Rana da caji da hasken fuska idan suka haɗu waya tana zafi ta dushe, don haka na yi mata ɗan rufi daga sama, kuma duk tsayawa ina cire ta in sa a inuwa. Da hunturu ƙura tana cika ramin caji, buroshin haƙori tsoho yana maganinta.

Duk da yabon nan, akwai abin da babu taswirar da ta sani. Ba ta san damina ba. Turbar da ke da daɗi a Janairu tana iya zama taɓo har gwiwa a Satumba, launinta a fuska kuma bai canza ba. Ba ta san siyasa ba: an rufe iyakokin ƙasa na Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, gadar Malanbil da Gaya tsakanin Benin da Nijar ita ma ta daɗe a rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, amma layin yana nan a zane. Ba ta kuma san tsaro ba. Arewacin Benin ta wajen gandun dajin Panjari da na W yana fama da hare-haren 'yan bindiga, Togo ta sa dokar ta-ɓaci a yankinta na can arewa tun Yunin 2022. Ni ban wuce Jugu da Kara ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya wuce don kawai ya ga turba mai kyau a waya.

A nan Bahaushe yake da gatan da Baturen da ya zo da na'urar dala dubu ba shi da shi. Kusan kowane babban gari a hanyar yana da zango, domin ta nan fatake suka bi shekaru aru-aru zuwa Gwanja sayen goro, ta Nikki da Jugu har Salaga. Ka yi sallama a masallacin zango, za ka sami mai jin Hausa. A Jugu na nuna wa wani dattijo layin da na zana zuwa wajen iyakar Togo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ta rani ce. Ruwa ya cinye kwalbatin da ke bayan kasuwar can. Ka bi titi har mararraba, sannan ka sauka." Na ce, "To Baba, Allah ya saka da alheri." Ya kira wani yaro ɗan acaɓa ya ƙara mini bayanin inda ake samun man kwalba da mai faci a hanyar. A nan gindin masallacin na gyara layin, domin OsmAnd tana barin mutum ya ja shi ya sauya ko babu intanet.

Tana kuma iya ɗaukar sawun duk inda ka bi, kuma ina barin wannan a kunne kullum. Amfaninsa na farko, idan turba ta mutu a gaban gona, ka juya ka bi sawunka ka fita. Na biyu, idan na dawo Agege ina buɗe asusuna na OpenStreetMap in saka abin da na tabbatar da idona: nan burji ne, nan yashi ne, wannan kwalbatin ya karye, ga masallaci, ga bakanike, ga famfon ruwa. Buɗe asusun kyauta ne, imel kawai ake buƙata, kuma gyaran yana shiga taswirar da za a sauke a sabuntawa ta gaba. Zangunan da na ratsa da yawa ko sunan masallatansu babu a ciki, waɗannan nake kan sakawa yanzu, unguwa bayan unguwa.