Labarin kare na 'yan aji biyar: wanne ya cancanci kuɗinka?

Malamin Turancin da ke neman dogon labarin da zai riƙe 'yan aji biyar ko shida har ƙarshen zango, da wuya a ƙi nuna masa littattafan karnuka na Turawa. Na gwada huɗu, kuma ba zan ɓoye ba, Lassie Come-Home na Eric Knight, wanda ya fito a 1940, shi ne gwanina.

Dalilina na farko, talauci ne ƙashin bayan labarin, kuma yaranmu sun san shi. Uban Joe, yaron labarin, mai haƙar kwal ne a Yorkshire ta Ingila, aiki ya tsaya, dole ya sayar da karyar gidan, Lassie, ga wani basarake, aka tafi da ita can Sikotilan. Ita kuwa ta saba kullum ƙarfe huɗu tana bakin ƙofar makaranta tana jiran Joe, sai ta gudo ta kama hanyar gida a ƙasa. Duk yaron da aka taɓa sayar da akuyarsa saboda kuɗin makaranta ba ya buƙatar bayani. Ga kuma darasin taswira a ɓagas, muna bin sawunta babi bayan babi. Uwa uba, karyar ba ta mutu ba.

Wannan batu na mutuwa ba ƙarami ba ne. Na taɓa karanta musu Old Yeller na Fred Gipson na 1956 ban leƙa ƙarshensa ba tukuna. Ashe yaron da hannunsa yake harbe karen, don kyarkeci mai ciwon hauka ya cije shi. Ranar aji ya koma gidan makoki, washegari ga iyaye. Where the Red Fern Grows na 1961 ma haka, karnuka biyu duk sun sheƙa. The Call of the Wild na Jack London kuwa, tun 1903, ba na firamare ba ne: duka da kulki, ga Turanci mai tauri.

Kafin ka fara, sanar da iyaye. A wajenmu kare na gadi ne da farauta, wani uban ba zai ji daɗin hoton yaro rungume da shi ba.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Wani mai shago ya ba ni kwafi talatin da araha, na ce na tsinci dami a kala. Ashe bugun sata ne. Takarda kamar ta ƙunshe ƙosai, tawada ta dushe, wasu kwafin an tsallake shafuka goma sha shida cur, kafin sati uku bango ya rabu da ciki. Don haka ka zaro kwafi uku daga tsakiyar kwali, kada ka yarda da na sama da aka miƙo maka. Ƙirga lambobin shafi, goga yatsa a kan rubutu, ka tanƙwara littafin ka ga ko gam ɗin zai fashe. Duba shafin da ke bayan take, a ga sunan kamfanin ɗab'i da lambar shaidar littafi da ake kira ISBN.

Akwai wata cutar kuma. Sunan Lassie ya yi yawa a kasuwa saboda finafinai da shirin talabijin, littattafai barkatai na ɗauke da hoton karyar alhali ba labarin Knight ba ne. In babu sunansa a bango, ajiye. In kuma taƙaitacce aka ba ka, a gaya maka taƙaitacce ne, a rage kuɗi.