Daga Ingila: Yadda Ake Zaɓen Ajin Yoga Daidai Ƙarfin Mutum

'Yan uwa masu shirin tahowa, da ku da ke tambaya daga gida, samun ajin yoga, wato motsa jiki na miƙa gaɓoɓi da sarrafa numfashi, a Ingila ba wuya. Wahalar ita ce sun yi yawa, kuma sunan da ke jikin jadawali ba ya gaya wa baƙo abin da zai tarar a ciki.

Wurin da ake koyarwar shi ne abin dubawa na farko. Cibiyar wasanni ta ƙaramar hukuma da zauren unguwa sun fi araha, galibi ana biya ne aji-aji. Gidan motsa jiki kan saka yoga cikin kuɗin wata, sai ka ga kamar kyauta ne, amma ɗakin kan cika, malama tana can gaba tana yi ana kwaikwayo, ba ta san wanda gwiwarsa ta karkace a layin baya ba. Gidajen da yoga kaɗai suke koyarwa sun fi tsada nesa ba kusa ba, musamman a Landan, sai dai suna da kayan aiki da azuzuwa hawa-hawa. Na intanet kuwa a bar shi sai an koyi tushe, domin allo ba ya gyara wa mutum tsayuwa.

Sai sunayen. Hatha a jadawalin nan yawanci yana nufin aji mai tafiya a hankali: a shiga tsayuwa, a riƙe ta na ɗan numfashi, a fita. Da shi ya kamata a fara. Vinyasa ana zarcewa ne daga wannan motsi zuwa wancan tare da numfashi, ba a tsayawa bayani, kuma nauyin jiki yana yawan komawa kan tafin hannu. Wanda bai saba ba, wuyan hannu da kafaɗa ne ke fara kuka. Ashtanga, wanda Pattabhi Jois ya yaɗa daga birnin Mysore na Indiya, jeri ne guda da ba ya canzawa, mai cin kusan minti 90, kuma yana neman ƙarfi. Salon Yin kuwa akasin haka ne: a ƙasa ake yi, ana zama cikin miƙa ɗaya minti 3 zuwa 5. Yana kama da hutu, amma mai gaɓoɓi sake-sake zai iya wuce iyaka bai ji ba.

Iyengar ya cancanci a tsaya a kansa. B.K.S. Iyengar ya gina tsarinsa a birnin Pune na Indiya a kan daidaita gaɓoɓi da amfani da abin tallafi: bulo na soso ko katako, maɗauri, bargo, dogon matashi, har kujera. Hannunka bai kai ƙasa ba? A sa bulo, ƙasa ta taso ta same ka, baya ya tsaya a miƙe. Malamansa sukan yi shekaru suna koyo kafin a ba su izini. Ga mai ciwon baya, ko mai shekaru, ko wanda ya daɗe bai motsa ba, a ganina nan ne kuɗi ya fi biyan buƙata, ko da wasu za su ce ajin ya cika tsayawa ana bayani.

Na ɗaki mai zafi daban ne. Tsarin Bikram tsayuwa 26 ne cikin minti 90, a ɗakin da aka ɗumama zuwa wajen digiri 40. Zafin yana sa jiki ya ji ya yi laushi fiye da yadda yake, sai a ja jijiya ta wuce kima, ba a ganewa sai washegari. Masu juna biyu da masu ciwon zuciya su bar shi. Masu hawan jini su fara tuntuɓar likita.

Tarkon da ya fi kama sababbi shi ne ajin da aka rubuta wa "na kowa da kowa". A aikace, saurinsa na waɗanda suka daɗe ne. Gara kwas ɗin masu farawa, na mako 4 zuwa 6, inda kowane darasi ke hawa kan na baya.

Game da malamai, babu dokar da ta ƙayyade wanda zai koyar da yoga a ƙasar nan. Takardar shaidar horon awa 200 da ake yawan gani a talla matakin farko ce, ana iya kammala ta cikin wata guda. Ƙungiyar British Wheel of Yoga tana da nata horon mai ɗaukar lokaci. Amma abin da ya fi takarda shi ne minti biyar na farko: malama ta tambaya ko akwai mai rauni, mai ciki, ko wanda aka yi wa tiyata? Tana ba da hanya mai sauƙi kafin mai wuya? Tana zagayawa, ko tana manne da shimfiɗarta? Taɓa ɗalibi don gyara masa tsayuwa sai da izini; wasu gidajen har ɗan kati suke bayarwa a ajiye gefen shimfiɗa, eh ko a'a. Akwai azuzuwan mata zalla a manyan garuruwa, kuma ba laifi a tambaya tun a waya ko ana rera wasu kalmomin Sanskrit, tsohon harshen Indiya, a farko da ƙarshe, domin wasu suna yi, wasu motsa jiki ne kawai.

Inda ake jin ciwo sanannu ne. Zaman harɗe ƙafafu kan cinya yana lalata gwiwa idan kwatangwalo bai buɗe ba, saboda gwiwar ce ke ɗaukar murɗar. Sunkuyo da ƙafafu a miƙe ƙam da baya a lanƙwashe yana matsa ƙasan baya. A ɗan lanƙwasa gwiwa. Tsayuwa da ka ko da kafaɗa ba ta sabon shiga ba ce, mai hawan jinin ido kuwa ya kauce mata gaba ɗaya. Jin ja a tsakiyar tsoka ba komai. Suka a cikin gaɓa, ko numfashin da ya ƙi fita ta hanci, alama ce ta a sassauta.

Kar a cika ciki awa 2 kafin aji. Shimfiɗa mai kaurin milimita 4 zuwa 6 ta isa, kuma yawancin wurare suna ara. A karanta sharaɗin rangwamen sababbi da kyau, domin wani yakan juye ya zama cirar kuɗi ta wata-wata daga banki, kuma wanda ya soke gurbinsa a makare, sau da yawa ƙasa da awa 12 kafin aji, kuɗin ajin ya tafi.