Yaro zaɓaɓɓe ko yarinya mai wuƙa?

A almarar matasa ana yawan cin karo da jarumai iri biyu. Na farko yaron da bokaye suka hango zuwansa. Labarinsa da daɗi, amma tun shafin farko ka san shi zai yi nasara.

Ita kuwa yarinyar da aka koya wa kisa, shekarunta 16, ta iya ɗiga guba a kofin sarki, amma murmushin ɗansa ya fi ƙarfinta. Ga ta bisa rufi da tsakar dare, an ba ta umarni, zuciya ta ƙi, hannu sai rawa. Duk matashin da manya suka taɓa tsara wa rayuwa ya san wannan rawar hannun. Ni dai ita nake bi, kodayake zubar da jinin kan yi mini yawa.