Yini Ɗaya a Tsibiran Keys na Florida: Motar Haya, Bas ko Direba?

Hanyar da ake kira Overseas Highway, wadda ta ratsa tsibiran Keys a kudancin jihar Florida ta Amurka, tana da tsawon mil 113, wato kimanin kilomita 182, kuma ta bi ta kan gadoji 42 kafin ta tiƙe a garin Key West. Daga Miami zuwa can tafiyar awa uku da rabi ce zuwa huɗu idan ba a tsaya ko'ina ba, saboda haka zuwa da dawowa kaɗai za su cinye kusan awa takwas. Wannan lissafi ne ya kamata ya fara shiga ran mai niyya kafin ya biya kuɗin komai, domin yini ɗaya ba zai isa a more hanyar a kuma more Key West ba. Dole a fifita ɗaya, kuma abin da aka fifita shi zai nuna abin hawan da ya dace.

Wanda hanyar ce ta ja hankalinsa, motar haya ce tasa. Ita ce ke ba shi damar tsayawa a Key Largo ya shiga jirgin ruwa mai ƙasan gilashi a gandun shaƙatawa na John Pennekamp don kallon murjani da kifaye, ya ɗan huta a Islamorada, sannan ya haye gadar Seven Mile mai tsawon kusan kilomita 11, wadda aka buɗe a 1982. A gefenta zai ga tsohuwar gadar da ta ɗauki layin dogon da attajiri Henry Flagler ya kammala a 1912, kafin mahaukaciyar guguwar 1935 ta lalata layin, aka mayar da gadojinsa hanyar mota a 1938. Allunan mil da ke bakin titi suna raguwa har zuwa sifili a Key West, kuma da su ake kwatancen wurare, don haka yana da kyau a rubuta lambobin wuraren da ake son tsayawa tun kafin a tashi.

Sai dai farashin da ake gani a shafin kamfanin haya ba shi ne abin da zai fita daga aljihu ba. Akwai inshora da mai, akwai kuɗin ajiya da ake riƙewa a katin banki, yawancin kamfanoni kuma suna ƙara kuɗi ga direban da bai kai shekara 25 ba. Babbar hanyar Turnpike da ake bi daga Miami, wadda ake biyan kuɗin wucewa a kanta, ba ta karɓar tsabar kuɗi a wannan yanki, na'ura ce ke ɗaukar lambar mota, kamfanin haya kuma ya turo bil tare da ladan aikinsa, saboda haka a tambayi wannan tsari a wurin karɓar mukulli. Motar da ake naɗe rufinta tana da ban sha'awa a hoto, amma ta fi tsada, wurin kayanta ƙarami ne, ranar tsakar yini a can kuma ba ta da sauƙi. A ganina ƙaramar mota mai lafiyayyar na'urar sanyi ta fi amfani, musamman idan akwai yara ko tsofaffi.

Ga mai tuƙa kansa, shawarata ita ce ya juya daga gandun Bahia Honda, kusa da allon mil 37, jim kaɗan bayan doguwar gadar. Mutane da yawa ba su san cewa rairayin bakin teku ba su da yawa a waɗannan tsibirai ba, domin shingen murjani yana tare igiyar ruwan da ke tara yashi, kuma Bahia Honda na cikin wurare ƙalilan da ake samun yashi mai kyau da ruwa garai-garai. Wanda ya nace sai ya ƙarasa, ya sani cewa a Big Pine Key ana rage gudu zuwa mil 45 a awa da rana, 35 da dare, don kare wata ƙaramar barewa da ba a samunta sai a tsibiran, kuma dawowa cikin duhu da gajiya a kan titin da mafi yawansa layi ɗaya ne kowane ɓangare ba abin rainawa ba ne.

Idan kuwa Key West ce manufa, bas ɗin yawon buɗe ido da ke tashi daga Miami da sassafe ya fi dacewa. Yakan fi araha ga mutum ɗaya ko biyu, yana kuma raba fasinja da wahalar neman wurin ajiye mota a tsohon garin, inda tituna suke da ƙunci. Za a samu 'yan awanni a zaga titin Duval, a ga gidan da marubuci Ernest Hemingway ya zauna, a tsaya a alamar da ke cewa mil 90 ne zuwa Kyuba. Amma tsibiran da ke kan hanya ta taga kawai za a gan su, kuma dole a duba lokacin dawowa da kyau, domin bas yana iya tashi kafin faɗuwar rana a dandalin Mallory, alhali ita ce mutane da dama suke zuwa gani.

Ɗaukar mota da direba ya fi duka tsada, yana yin ma'ana ne kawai ga iyali ko ayarin da zai raba kuɗin, kuma a tabbatar ko an ƙayyade awanni da yawan tsayawa.

Ko wane aka zaɓa, a dubi watan da za a yi tafiyar. Lokacin guguwar tekun Atlantika yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, don haka tikiti ko hayar da za a iya sokewa a karɓi kuɗi ta cancanci ɗan ƙarin da ake biya a kanta. Daga Disamba zuwa Afrilu yanayi ya fi daɗi, amma baƙi sun fi yawa, farashi yana hawa, kuma wanda zai iya tafiya a tsakiyar mako ya bar Miami kafin gari ya waye sosai zai tsira daga mafi yawan cunkoson.