Hornby Dublo ko Märklin: wanne zai yi tafiya a kan dogonka?

Malam, ka ce an yi maka tallan tsofaffin kawunan jirgin ƙasa na wasa guda biyu, irin masu siffar jirgin kwal, ɗaya Hornby Dublo ɗaya Märklin, kuma dogon da ka shimfiɗa a ɗakinka a Gusau mai layi biyu ne da ke aiki da wutar DC, wato mai bin hanya ɗaya kamar ta batir. To, dogon nan shi zai yanke hukunci.

Faɗin dogonsu ɗaya ne, milimita 16.5, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Märklin na Jamus da wutar AC yake aiki, wato mai kai da komowa, yana ɗebo ta daga tsakiyar dogo ta wani siririn ƙarfe da ke shafar tsakiyar dogon a ƙarƙashin cikinsa, sannan ƙafafunsa na dama da na hagu a haɗe suke ta fuskar wuta. Da zarar ka ɗora shi a kan dogonka wuta za ta haɗu, ko motsi ba zai yi ba, sai ka sake dogo da taransfoma gaba ɗaya. Injinsa yana da ƙarko ƙwarai, amma wannan ba zai amfane ka ba.

Dublo, wanda kamfanin Meccano na Ingila ya fara fitarwa a 1938, DC yake ci, bolt 12, sai dai shi ma iri biyu ne. Na farkon mai layi uku ne, yana ɗebo wuta daga na tsakiya, kuma matsalarsa ɗaya da ta Märklin. Mai layi biyu bai fito ba sai 1959, aka daina ƙera shi a 1964. Saboda haka ka sa mai sayarwa ya kifa shi ya ɗauko maka hoton cikinsa: in ka ga ƙarafan ɗebo wuta daga layin tsakiya a tsakanin ƙafafun, mai layi uku ne, ka haƙura. Ka kuma tambayi ƙarfin mayen ƙarfen injin, domin yana raguwa da tsufa, jirgin ya riƙa zafi yana jan jiki.

Ma'aunin Dublo, wato girmansa in an gwada da jirgin gaske, 1:76 ne, na Märklin 1:87, don haka Dublo ya ɗan fi cika ido. Ni dai ya fi tuna mini jiragen da suka yi jigilar gyaɗa bayan dogo ya isa Kaura Namoda a 1929.

In Dublo ɗin mai layi biyu ne, shi za ka saya. Ka tanadi ƙyallen rufe shi saboda ƙurar hunturu, mai kuma ɗigo ɗaya na keken ɗinki ya isa.